Sharhi: Iskar Gicciye da Horon Ɗaliban Tuƙin Jirgin Sama, Darasin da Ba a Yi Masa Gaggawa

A ranar 1 ga watan Nuwamba na shekarar 1925 ne wasu jiragen sama guda uku na rundunar sojan sama ta Ingila, ƙirar DH 9A, suka sauka a birnin Kano bayan doguwar tafiya daga ƙasar Masar, abin da ya cika shekara 100 cif a watan Nuwamba na 2025. A wancan zamani, yawancin wuraren saukar jirage a duniya fili ne fetal, ta yadda matuƙi zai dubi tuta ko hayaƙi ya gane inda iska ta fito, ya juya hancin jirginsa ya fuskance ta, sannan ya sauka. Da aka ci gaba, aka shimfiɗa titunan kwalta masu fuska biyu kacal, sai wannan sauƙi ya kau. Titi ba ya juyawa, iska kuwa tana busowa daga inda ta ga dama. Daga nan ne saukar jirgi a cikin iskar gicciye, wato iskar da ke bugun jirgi daga gefe, ta zama ɗaya daga cikin darussa mafi wuya ga duk mai koyon tuƙi.

Mai karatu zai iya tambayar abin da ya haɗa jama'a da wannan batu, wanda a zahiri ya fi kama da sha'anin malami da ɗalibinsa. Amsar ita ce, harkar jiragen sama ta daɗe da shigowa cikin kasafin kuɗin jihohi. Gwamnatocin jihohi sun gina filayen jirage a Gombe da Dutse da Birnin Kebbi da Bauchi. A shekarar 2013 gwamnatin Jihar Kano ta tura matasa 100 ƙasar Jodan domin koyon tuƙin jirgin sama, Jihar Kwara kuma ta kafa tata kwalejin a Ilori. A Zariya ta Jihar Kaduna kuwa akwai Kwalejin Fasahar Jiragen Sama ta Nijeriya, wadda aka kafa tun shekarar 1964 da taimakon Majalisar Ɗinkin Duniya da Hukumar Sufurin Jiragen Sama ta Duniya, wato ICAO. Duk inda dukiyar jama'a da rayukan 'ya'yansu suka shiga, ya zama wajibi a san abin da ake saye da kuɗin. Ra'ayin wannan sharhi shi ne, yadda makaranta ke koyar da sauka a cikin iskar gicciye ma'auni ne mai kyau na ingancin horonta baki ɗaya, domin darasi ne da ya haɗa ƙwarewar hannu da lissafi da sanin lokacin da ya kamata a haƙura.

Yadda iska ke wahalar da ƙaramin jirgi

Masu iya magana kan ce iska na wahalar da mai kayan kara, kuma a sararin sama ƙaramin jirgin koyo shi ne mai kayan karan. Ana auna gudun jirgi da na iska da ma'aunin da ake kira not, wanda ya yi daidai da kilomita 1.852 a awa. Ƙaramin jirgi irin Cessna 172 yakan tunkari titi da gudun kimanin not 65, alhali babban jirgin fasinja yakan zo da gudun da ya kai not 140 ko kusa da haka. Idan iskar gefe mai ƙarfin not 15 ta same su, babban jirgin zai karkata hancinsa da kimanin digiri 6 ne kawai domin ya riƙe hanyarsa, amma ƙaramin sai ya karkata da kimanin digiri 13. Ke nan iskar da fasinjan babban jirgi ba zai ma lura da ita ba, ita ce ke sa ɗalibi gumi.

Haka nan kuma lokacin da ɗalibi yake da shi na gyara kuskure kaɗan ne ƙwarai. Iska mai ƙarfin not 10 tana tura jirgi gefe da kimanin mita 5 a kowace daƙiƙa. Faɗin titin manyan filayen jirage yakan kasance mita 45, wato mita 22 da rabi daga layin tsakiya zuwa baki. Idan ɗalibi ya saki jiki a daidai lokacin da jirgin ke shawagi dab da ƙasa, kafin daƙiƙa biyar iska ta kai shi bakin ciyawa. In kuwa tayoyi suka taɓa ƙasa alhali jirgin yana zamewa gefe, nauyin zai faɗa wa ƙafafun jirgin ta fuskar da ba a gina su don ɗauka ba, taya na iya fashewa, ƙafa na iya lanƙwashewa, ko bakin fiffike ya goga ƙasa. Bayan an sauka ma ba a tsira ba, domin iska takan bugi faffaɗar wutsiyar jirgin ta juya hancinsa zuwa inda take fitowa, ta fitar da shi daga titi.

Lissafi tun kafin a kusanci titi

Abu na farko da malami ke dasa wa ɗalibi shi ne lissafi. Lambar da aka rubuta a bakin kowane titi tana nuna fuskar da ya nufa a ma'aunin digiri. Titi na 06 a filin jirgin sama na Malam Aminu Kano, alal misali, ya fuskanci digiri 60, wato arewa maso gabas, ɗaya bakinsa kuma shi ne 24. Idan hasumiyar kula da zirga-zirgar jirage ta sanar da cewa iska na fitowa daga digiri 90 da ƙarfin not 20, tazarar da ke tsakaninta da titin digiri 30 ce, don haka rabin ƙarfinta ne, wato not 10, ke bugun jirgin daga gefe. Idan ta koma digiri 120, tazarar ta zama 60, abin da ke bugun gefe ya haura not 17. In ta kai digiri 150 kuwa, duk ƙarfinta a gefe yake.

Domin sauƙaƙa wannan, akan koya wa ɗalibai su tuna da fuskar agogo: tazarar digiri 15 rubu'in ƙarfin iska ce, 30 rabi, 45 kashi uku cikin huɗu, 60 ko fiye a ɗauke ta duka. Akan kuma koya musu karanta jakar iska da ke rataye a gefen titi, wadda takan miƙe sosai idan iska ta kai kimanin not 15. Daga nan sai ɗalibi ya gwada abin da ya samu da adadin da ke cikin littafin jirginsa. Ga Cessna 172 adadin not 15 ne, ga Diamond DA40 kuma not 20. Abin lura a nan shi ne, wannan adadi shaida ce ta abin da gogaggen matuƙin gwaji ya iya yi da jirgin a lokacin tantance shi. Ɗalibin da bai wuce awa 15 ko 20 a sama ba bai kai wannan matsayi ba, shi ya sa makarantun kirki kan yanka wa ɗalibansu iyaka ƙasa da ta littafi, musamman a ranakun da za su tashi su kaɗai, su riƙa ɗaga ta sannu a hankali gwargwadon ƙwarewa.

Hanyoyi biyu na sauka

Hanya ta farko ita ce wadda ake kamantawa da tafiyar ƙaguwa. Kamar yadda mai fito a Kogin Kaduna kan auna sama da mashigin da yake nufi domin ruwa ya gangaro da shi daidai, haka matuƙi kan karkata hancin jirgi zuwa inda iska ta fito, alhali jirgin na bin layin tsakiyar titi. Wannan hanya tana da daɗi a sama, amma ba a taɓa ƙasa da ƙaramin jirgi a haka. Dab da sauka dole ne matuƙi ya taka feda, wadda ke motsa allon wutsiya, ya miƙar da hancin ya yi daidai da titi. In ya yi saurin miƙarwa iska ta kwashe shi, in ya yi jinkiri ya sauka a karkace.

Hanya ta biyu ita ce ta sunkuyar da fiffike. A nan matuƙi yakan karkata sandar tuƙi zuwa ɓangaren iska, fiffiken wannan gefe ya yi ƙasa domin hana jirgin zamewa, sannan ya taka fedar ɗaya gefen domin hancin ya ci gaba da kallon tsakiyar titi. Tayar da ke ɓangaren iska ita ce ke fara taɓa ƙasa, sai ɗayar ta biyo baya, sannan ta gaba. Malamai da dama sun fi son fara koyar da wannan hanya, saboda tana ba ɗalibi damar ganin ko yana da ikon riƙe jirgin tun yana nesa. Idan ya taka feda har ƙarshe amma hancin ya ƙi miƙewa, to jirgin ne da kansa ke gaya masa cewa iskar ta fi ƙarfinsa. A aikace, yawancin matuƙa kan haɗa hanyoyin biyu, su zo da tafiyar ƙaguwa, su koma sunkuyar da fiffike idan sun kusa.

Wahalar wannan darasi ita ce ya saɓa wa abin da jiki ya saba. Tun farkon horo an koya wa ɗalibi cewa hannu da ƙafa tare suke tafiya, in sanda ta yi dama feda ma dama. Yanzu kuma ana ce masa hannu ya yi dama, ƙafa ta yi hagu. An koya masa ya sauka fukafukai a daidaice, yanzu ana so ya sauka a kan taya ɗaya. Bugu da ƙari, da zarar tayoyi sun taɓa ƙasa, ɗalibi yakan sauke ajiyar zuciya ya mayar da sanda tsakiya, alhali a lokacin ne ya kamata ya ƙara karkata ta zuwa ɓangaren iska, domin gwargwadon raguwar gudu, gwargwadon raguwar tasirin allunan sarrafa jirgin. Idan iskar mai kaɗawa ce, tana ƙarfi tana lafawa, akan ƙara rabin bambancin a kan gudun sauka: iskar da ke tsakanin not 12 da 22 tana buƙatar ƙarin not 5. Duk waɗannan ana iya haddace su a aji cikin yini ɗaya, amma jiki ba ya karɓarsu sai da maimaici a cikin iska ta gaske, malami na zaune a gefe.

Yanayin Arewa da tarkon da ke cikinsa

A nan ne batun ya shafe mu kai tsaye. Iskokin da suka fi yawa a arewacin Nijeriya biyu ne: ta hunturu daga arewa maso gabas, da ta damina daga kudu maso yamma. Ƙa'idar ICAO ta nemi a shimfiɗa titi ta yadda jiragen da aka yi shi dominsu za su iya amfani da shi aƙalla kashi 95 cikin 100 na lokaci ba tare da iskar gefe ta hana ba. Saboda haka ne titunan Kano da Kaduna da Abuja da Zariya duk suka miƙe daga arewa maso gabas zuwa kudu maso yamma. Wannan tsari alheri ne ga zirga-zirga, to sai dai yana ɗauke da tarko ga mai koyo. Ɗalibi na iya shafe watanni yana tashi yana sauka iska na gabansa, musamman da yake akan fi tashin ɗalibai da safe lokacin da iska ke kwance, har ya tara awoyin da doka ta nema bai gamu da iskar gefe mai ƙarfi ba sai sau kaɗan.

Amma iskar da ta fi haɗari a yankinmu ba ta bin wannan layi. Iskar hadari ta farkon damina, daga Afirilu zuwa Yuni, da ta ƙarshenta a Satumba da Oktoba, daga gabas takan taso, tana tafe da ƙura da ƙarfi, takan kuma riga ruwan isowa. Cikin 'yan mintoci iska na iya sauya fuska ta ninka ƙarfinta. A lokacin bazara ma, zafin rana kan haddasa guguwa da iska mai tsalle-tsalle a kusa da ƙasa. Har ila yau, kusan duk filayen jiragen da jihohi suka gina titi ɗaya gare su, don haka matuƙin da iska ta juya masa ba shi da wani titi na biyu da zai koma. Ko dai ya iya saukar, ko ya jira, ko ya nufi wani gari.

Akwai kuma matsin lamba na lokaci. Ɗalibin farko da ido yake tuƙi, kuma ƙa'idar irin wannan tuƙi kan nemi a iya hangen nisan kilomita 5. Idan hazon hunturu ya sauka, akan yi kwanaki jiragen koyo na ajiye. Tsada da ƙarancin man da tsofaffin jiragen koyo ke sha su ma sun daɗe suna kawo tsaiko, wanda yana cikin dalilan da suka sa kwalejin Zariya ta sayo jiragen Diamond DA40 da DA42 masu shan irin man manyan jirage, domin maye gurbin tsofaffin TB-9. Duk lokacin da kwanaki suka salwanta, iyaye da hukumomin ba da tallafin karatu kan fara tambayar ranar kammalawa. Darasin da ke buƙatar a jira ranar da iska ta dace, ba ta yi rauni ba kuma ba ta wuce kima ba, shi ne na farko da gaggawa kan taƙaita.

Fasa sauka ba abin kunya ba ne

Mafi girman abin da iskar gicciye ke koya wa ɗalibi shi ne yanke shawara. Idan jirgi ya kauce daga layin tsakiya, ko ya yi tsalle bayan taɓa ƙasa, ko hancin ya ƙi miƙewa, magani ɗaya ne: a ba injin wuta, a tashi, a kewayo a sake gwadawa. Abin da wannan zai ci bai wuce mintoci kaɗan da ɗan mai ba. Amma matashin da yake ganin abokansa na kallonsa daga ƙasa, ko yake tsoron faɗan malami, yakan dage sai ya sauka ko ta halin ƙaƙa. Hausawa sun ce da muguwar rawa gara ƙin tashi, kuma malamin da ya yaba wa ɗalibinsa saboda ya fasa sauka ya koya masa abin da zai bi shi har ƙarshen aikinsa.

Tarihin ƙasar nan ya nuna tsadar rashin wannan ɗabi'a. A ranar 10 ga Disamba, 2005, jirgin Sosoliso ya faɗi a Fatakwal yana ƙoƙarin sauka a cikin hadari, mutum 108 suka rasu, da yawansu 'yan makaranta, kuma bincike ya nuna cewa an ci gaba da gangarowa ba a ga titi ba, aka makara wajen fasa saukar. A ranar 29 ga Oktoba, 2006, jirgin ADC mai zuwa Sakkwato ya faɗi jim kaɗan bayan tashinsa daga Abuja, mutum 96 suka riga mu gidan gaskiya, ciki har da Mai Alfarma Sarkin Musulmi Muhammadu Macciɗo, Allah Ya jiƙansa. A nan ma bincike ya ambaci shawarar tashi a cikin mummunan yanayi da rashin bin ƙa'idar kuɓuta daga iska mai sauyawa farat ɗaya. Gaskiya ne waɗannan manyan jirage ne, kuma nau'in iskar da ta same su daban take da iskar gicciye. Duk da haka tushen ɗaya ne, wato girmama iska da amincewa a janye idan ta fi ƙarfi. Wannan hali a kujerar ƙaramin jirgin koyo ake samunsa, domin icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.

Abin da ya rataya a wuyan kowa

Ƙa'idar ICAO ta sa awa 40 a matsayin mafi ƙarancin abin da ake buƙata don lasin tuƙi na farko, da awa 200 don lasin tuƙin haya, ko 150 a ƙarƙashin kwas da aka amince da shi. Waɗannan lambobi ƙasan ma'auni ne, kuma ba sa faɗin irin iskar da aka yi awoyin a cikinta. Don haka ya kamata makarantu su riƙa tsara darasin iskar gefe da gangan, su ware ranakun da iska ta gicciya domin malami ya fita da ɗalibi, su rubuta ƙarfin iskar da kowane ɗalibi ya sauka a cikinta a kundin horonsa. Na'urar kwaikwayon tuƙi tana da amfani wajen saba wa hannu da ƙafa, kuma tana aiki ko da hazo ya rufe gari, sai dai mataki ce ta share fage kafin a shiga jirgi na gaske.

Hukumar Kula da Sufurin Jiragen Sama ta Ƙasa, wato NCAA, wadda ke ba makarantu izini da ɗalibai lasin, ita ke da alhakin tabbatar da cewa abin da ke rubuce a manhaja shi ake yi a fili. Hukumar Hasashen Yanayi ta Ƙasa, wato NiMet, ita ke samar da bayanin iska, kuma rahoton da ya iso a makare ba shi da amfani ga ɗalibin da ke kewaya fili a cikin watan Mayu. Jihohin da suka mallaki filayen jirage su ma suna da nasu rabon: jakar iska da ba ta yage ba, na'urar auna iska mai aiki, da gefen titi da aka share aka daidaita, ta yadda jirgin da ya kauce ba zai faɗa rami ko kwalbati ba. Waɗannan abubuwa ne masu arha idan aka gwada su da kuɗin ginin filin kansa.

Daga ƙarshe, hukumomin ba da tallafin karatu da iyayen da ke biyan kuɗi daga aljihunsu su ne suka fi kowa ikon rage wa ɗalibi matsi. Kafin a sa hannu a yarjejeniya da wata makaranta, a gida ko a waje, ya dace a tambayi yawan malamanta da jiragenta masu lafiya, da iyakar iskar da take yanka wa ɗalibai, da kuma abin da take yi wa ɗalibin da ya buƙaci ƙarin awoyi. A kuma ware kuɗin waɗannan ƙarin awoyi tun a cikin kasafi, a biya a kan kari, domin ɗalibin da aka dakatar da horonsa na watanni saboda bashi yakan dawo hannunsa ya yi sanyi. Wanda ya yi karatu a wata ƙasa kuma yana buƙatar 'yan awoyi tare da malamin gida kafin a sakar masa jirgi a cikin iskar bazara. Sannu ba ta hana zuwa. Matashin da ya ƙara wata biyu a makaranta ya fito ya san iyakarsa, shi ne wanda jama'a za su shiga jirginsa gobe da kwanciyar hankali. Allah Ya kiyaye matafiyanmu, Ya ba ɗalibanmu sa'a.